Motoci Tara da Na Sa wa Makunnin Hannu

Ran nan ina kwance a ƙarƙashin wata akori-kura ina ja mata wayar fitilar ribas, sai na ji wasu samari biyu da suka fake a inuwar rumfata suna hira. Ɗaya ya ce da ɗan'uwansa wai wannan ma har sana'a ce? Waya biyu ce da ƙwai ɗaya, ko shi aka miƙa wa filaya zai yi. Ban tanka ba, don akwai noti a bakina. To yanzu na fito na wanke hannu, ku matso ku ji.

Sunana Haladu. A Makarfi idan ka ce Haladu Wayarin, ko mai rake ka tambaya zai nuna maka rumfata. Aikina wutar mota: batir, caji, fitilu, ham, duk abin da waya ke bi. Na koya a hannun Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna ne, ya yi aiki a wani gareji a Zariya kafin ya dawo nan ya kafa rumfa kusa da tasha. Mahaifina manomin rake ne, shi ya kama hannuna ya kai ni. Ya ce, "Yohanna, ga shi nan. Noma ya ƙi shi, ka gwada ko ƙarfe zai karɓe shi."

Wata shida ban taɓa mota ba. Aikina fere waya. Baba zai zube mini tsofaffin wayoyi, ya ba ni reza, in cire robar ba tare da na yanke silin jan ƙarfe ko ɗaya ba. Idan na gama sai ya ɗaga wayar ya duba ta a hasken rana. Ya ga sili ɗaya ya gutsure, sai ya ce, "Sake." Kayan aikinsa ba su cika akwati ba: filaya biyu, sukundireba uku, sifanu, baƙin salatif, da ƙarfen narka dalma da muke sakawa a kaskon gawayi ya yi ja. Sai kuma fitilar gwaji, ƙwai ɗaya da waya biyu da shi ya haɗa da hannunsa. Da ita yake gane inda wuta ta tsaya a jikin mota, ba mita ba komai. Ranar Lahadi ya tafi coci in buɗe rumfa, ranar Juma'a da azahar ya kore ni masallaci ko da kaina na cikin inji.

Fitilar ribas ta farko da aka ƙara a gabana, a rokar Alhaji Tanimu ce. Alhaji dillalin rake ne, rokarsa babbar motar kaya ce irin mai bodin katako, mai faɗi, tana shiga gonakin Nasarawan Doya ta ɗauko kaya. Ku da ba ku ga hanyoyin gona na wancan lokaci ba, babu wurin juyawa. Mota ta shiga da kai, sai ta fito da baya. Lodi kuma ba ya ƙarewa sai rana ta faɗi. Ɗan ƙwan da kamfani ya sa a baya bai fi hasken aci-balbal ba, katakon bodi ma ya rufe shi. Direban, Isiyaku, ya ja da baya wata magariba ya take amalanken wani manomi, Allah ya sa an riga an kwance shanun. Washegari Alhaji ya zo da kansa.

Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya, ya ce, "Yohanna, so nake in motar nan ta ja da baya, a ga allura a ƙasa."

Baba ya ce, "Za a gani, Alhaji. Amma sai gobe da la'asar."

"Fitila biyu ce za ta ci kwana?"

"Ita ce kuwa."

Ga abin da ya ci kwanan. Da farko sai ka san wutar motar. Roka batir biyu gare ta, wutarta ta ninka ta ƙaramar mota, ka sa mata ƙwan akori-kura ya fashe kafin ka ƙifta ido. Sannan ka zaɓi waya mai kauri, don siririya tana zafi, robarta ta narke, ga katako ga busasshen ganyen rake. Ka sa fis kusa da batir, ba can baya ba, domin in waya ta goge a tsakiya fis ya mutu kafin wuta ta tashi. Ka bi da wayar ta jikin ƙarfen shasi, nesa da salansa, kana ɗaure ta taki-taki. Duk inda za ta ratsa huda a ƙarfe, ka yanko tsohon tiyo ka zura mata. Inda za ka ɗaure wayar at, wato wadda ke komawa jikin mota, ka kankare fenti da tsatsa sai ƙarfe ya yi fari, in ba haka ba fitila ta riƙa kyaftawa duk ramin da aka faɗa. Ka sa rile, ɗan akwatin da ke ɗaukar nauyin wuta, don kada makunni ya ƙone. Ita kanta fitilar, ka rataye ta ƙasa da bodi inda rake ba zai fasa ta ba, ka sunkuyar da kanta ta kalli ƙasa, taku goma a bayan mota, ba idon mutane ba.

Na ƙarshe shi ne makunni. Akwai wani ɗan makunni da ake ɗaurawa a jikin giyabos. Direba ya sa ribas, ya kama. Ya cire, ya mutu da kansa. Muna cikin haɗa shi Isiyaku ya leƙo ya ce, "Baba, da ka sa mini na hannu a gabana, in kunna lokacin da na ga dama."

Baba bai ko ɗago ba. Ya ce, "A rumfar nan ba a yi. Direba mutum ne, yana mantuwa. Farar fitila a bayan mota tana tafiya gaba, wanda ke biye da kai zai zaci mota ce ta taho masa." Ya juyo gare ni. "Haladu, ka ji ko?"

Na ce na ji.

Aikin nan ya yi suna. Masu ɗaukar tumatir da barkono daga Ikara, masu rake da dankali daga Kudan, duk suka riƙa zuwa. Da idon Baba ya fara yana, har ba ya rarrabe jar waya da baƙa, sai ya tara mutanen tasha ya yi mini addu'a irin tasa, liman ya yi irin tamu, ya miƙa mini akwatin kayan aiki ya koma gida. Na riƙe rumfa, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa sa fitilar da ta dawo da ƙorafi ba. Masu mota iri-iri ne. Akwai wanda zai tsaya a kanka yana koya maka aikinka. Akwai wanda zai kawo fitilar da ya tsinta a bola ya ce sabuwa ce. Duk na iya da su.

Sai shekarar tsanani ta zo. Mulkin soja ne, ana ta maganar tsuke bakin aljihu. Sabulu da madara sai an bi layi, balle kayan mota. Ka je Sabon Garin Zariya ka tarar da shaguna a buɗe, kantoci babu komai. Abin da ka saya jiya, yau mai shi ya ce bai san farashinsa ba tukuna. Muka koma kayan gwangwan. Ina kwance wayoyin matattun motoci in wanke su da kananzir. Fis ya ƙone, in zare sili ɗaya daidai ƙarfinsa in ɗinke shi. Fitilu kuwa, manyan fitilun gaba na motocin da suka yi haɗari nake ciro wa in mayar da su baya. Duk wannan dabara ce, babu aibu a ciki. Abu ɗaya ne ya gagara: makunnin giyabos. Ya ɓace daga Zariya har Kano.

A tsakiyar kakar rake makunnin rokar Alhaji Tanimu ya mutu. Na kwance shi na wanke, na goge, na buga, bai tashi ba. Alhaji ya zo da Isiyaku.

Ya ce, "Haladu, an sare mini rake yana kwance a gona. Kwana uku ya ƙara, ya bushe. Sa masa na hannu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka san Baba ba ya yi."

"Baba yana gida yana hutawa. A zamaninsa akwai kaya. Isiyaku yaro ne da zai manta? Shekararsa nawa a kan sitiyari?"

Isiyaku ya ce, "Wallahi ko a mafarki ba zan bar ta a kunne ba."

Na duba, sati biyu ke nan babu aikin kirki a rumfa, ga iyali. Na ce a raina na ɗan lokaci ne, da kaya sun dawo in canja. Na huda gaban direba na dasa makunnin hannu, irin na fitilar ɗaki. Aikin ya yi tsaf, fis da rile duk na sa. Har ma na canja masa fitilun da wasu manya na gaban wata mota, suka fi na da haske nesa ba kusa ba.

Direbobi kuwa ba su da sirri. Kafin kaka ta ƙare an san Haladu yana sa na hannu. Wanda makunninsa ya mutu ya zo, wanda motarsa ba ta taɓa samun fitila ba ya zo. Na farko ne kawai ya yi mini nauyi. Sauran ko tunani ban yi ba. Motoci tara na yi wa.

Wata safiya ina buɗe rumfa sai ga Isiyaku a ƙasa, babu mota. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ja ni bayan rumfa.

Ya ce, "Jiya bayan magariba na fito da baya daga gona, na hau titi. Hankalina na kan lodin, ya karkata gefe guda. Na manta ban kashe ba."

Na ce, "Sai me ya faru?"

"Ina hawa gangaren nan a hankali, wani mai babur ya shawo kwana a bayana. Ya ga farar wuta biyu, ya zaci mota ce ta taho a hannunsa. Ya kauce, ya faɗa kwalbati. Ni ban ma sani ba, sai da wata mota ta cim mini ta tsayar da ni."

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Malam Habibu ne na Dandamisa, mai karantar da littattafai. Daga ta'aziyya yake. Hannunsa na dama ya karye biyu."

Muna tsaye sai ga Alhaji Tanimu. Shi ya riga ya gama shawararsa tun a hanya. Ya ce, "Ku saurara. Motata ba ta taɓa kowa ba, ko ƙwarzane babu a jikinta. Mutum ya faɗi da babur ɗinsa, ƙaddara ce. Kai Haladu, ka je ka cire abin nan yanzu, ka ja bakinka ka yi shiru. Ka san zamanin da muke ciki. Magana ta kai gaban hukuma, ba tambaya za a fara yi maka ba."

Gaskiya ya faɗa game da zamanin. A lokacin ƙaramin laifi kan kai mutum inda danginsa za su yi wata suna nemansa. Na je na cire makunnin. Amma ban koma rumfa ba, na wuce gidan Baba Yohanna. Na same shi a gindin mangwaro yana sauraron rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe komai na faɗa masa. Ina jiran faɗa. Ya kashe rediyon.

Can ya ce, "Ni ka zo gaya wa? Ni na faɗa kwalbati?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To ka san hanyar Dandamisa."

Na hau tsohon babur ɗina na tafi. Gidan Malam ba ya ɓata, zaure ne babba cike da masu dubiya. Na same shi kishingiɗe a kan buzu, dattijo siriri mai farin gemu, mai ɗori ya ɗaure hannun da sanduna tun daga gwiwa har wuyan hannu. Gefen fuskarsa duk ya kumbura. Na jira aka ragu, na matsa na gaishe shi, na yi masa sannu da jiki. Ya amsa, ya tambayi mutanen gidana kamar ya san su.

Ya ce, "Ban gane ka ba, ɗana."

Na ce, "Allah gafarta Malam, sunana Haladu, mai wayarin ne a Makarfi. Fitilar da ka gani jiya, ni na sa ta."

Wani ƙanensa da ke zaune a gefe ya miƙe tsaye. Malam ya ɗaga masa hannun hagu, ya koma ya zauna. Ya ce in yi masa bayani, don shi har yanzu bai gane yadda mota mai tafiya gaba take da idanu a ƙeya ba. Na yi masa bayanin makunnin giya da na hannu, da abin da maigidana ya hana, da yadda na yi duk da haka. Ban sa sunan Alhaji ba, ban sa na Isiyaku ba. Ya saurara kamar mai bin karatu.

Ya ce, "Wato ka san abin da zai iya faruwa."

"Na sani, Allah gafarta Malam."

"Motar nan kaɗai ka yi wa?"

Na sunkuyar da kai. "Tara ne."

"Tara." Ya dubi hannunsa, ya dube ni. "Sauran takwas suna kan hanya yanzu haka?"

"Suna kai."

"To me kake yi a nan zaune? Nawa hannun ya riga ya karye, zamanka ba zai ɗora shi ba. Ni babu inda zan kai ka. Tashi ka bi su. In ka gama ka zo mu yi maganar yafiya."

A hanyar komawa dabarar ta zo mini, kuma daga ƙarƙashin ƙafata ta fito. Na taka birki a wata kwana, sai na tuna ai fitilar birkin babur ma da kanta take kamawa ta mutu. Ɗan makunni ne mai sifirin, ka taka ya ja, ka saki ya koma. Irinsa kuwa yana nan zube a wurin masu gyaran babur, babu mai nema. Ina isa rumfa na kwance na babur ɗina. Na sa aka kawo rokar Alhaji, na ɗaga faifan ƙasa kusa da sandar giya, na lanƙwasa ɗan ƙarfe na ɗaure makunnin a kai, na maƙala sifirin a jikin sandar. Wahalar ita ce kusurwa. Ribas da wata giyar gefe ɗaya suke nufa, in ka kuskure kaɗan fitila ta kama a giyar da ba ita ba. Kwana biyu ina matsar da ƙarfen nan, Isiyaku na sa giya yana cirewa har kafaɗarsa ta gaji. Da na samu daidai sai na ratsa da shi ta rilen ham, don ɗan makunnin babur ba zai ɗauki wutar manyan fitilu ba. Na kuma sunkuyar da fitilun ƙasa sosai. Muka zaga da motar cikin ramuka, ba ta kama ba sai a ribas.

Daga nan na rufe rumfa na shiga neman sauran. Uku a Makarfi suke, na gama da su cikin sati. Biyu na tare su a Kudan wajen lodin rake, na yi aikin a bakin gona. Biyu a Ikara. Ɗaya daga masu motocin Ikara ya ƙi, ya ce shi yana jin daɗin makunninsa, da shi yake haska wurin lodi. Na ce to zan bar masa fitila ɗaya a saman bodi mai kallon cikin kaya, amma na baya sai sun koma kan giya. Sai da na kwana biyu ina bin sa kafin ya yarda, shi ma don shugaban tasha ya sa baki ne. Kowace mota da irin sandar giyarta, kowace sai na sake lanƙwasa sabon ƙarfe. Takwas suka cika har da ta Alhaji.

Ta tara ta ɓace. Akori-kura ce shuɗiya, mai ita tsanani ya sa ya sayar wa wani dillali, dillali ya sayar, babu wanda ya san wa. Na koma Dandamisa na shaida wa Malam. An kwance ɗorin, hannun ya haɗe a karkace, alƙalami ba ya zama a yatsunsa. Ya ji ni har ƙarshe, ya ce, "Saura ɗaya ke nan."

Na bar saƙo a kowace tasha. Duk direban da ya zo rumfata sai na kwatanta masa motar: shuɗiya, ƙofar baya an yi mata walda, fitilu biyu manya a ƙarƙashin bodi. Rani ya wuce, damina ta sauka. Sai ran nan wani mai ɗaukar taki ya ce, "Kai, motar da kake nema tana Paki. Na san ta sarai, ta kusa jefa ni rami. Ta Mama Saratu ce mai hatsi."

Washegari na ɗaure akwatina a bayan babur. Na isa Paki da la'asar, bayan an ɗauke ruwa. Mama Saratu mace ce mai jiki, mai murya, tana sayen masara da dawa a ƙauyuka tana kaiwa Ikara. Ɗanta Bulus, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi ke tuƙa mata. Na same su a ƙofar gida ana loda buhuna. Ga motar nan, ga aikina a bayanta, ko salatif ɗin bai warware ba.

Na gaishe ta, na ce na zo in gyara mata fitilar baya, kuma ba sai ta ba ni komai ba.

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "A wannan zamanin? Mutum ya taso tun daga Makarfi cikin taɓo ya yi aiki kyauta? Bulus, zo ka tsaya kusa da batir ɗin nan."

Masu dako suka yi dariya. Na ga babu mafita sai gaskiya. A gaban su duka na ba da labarin, tun daga rokar har hannun Malam. Dariyar ta tsaya. Na lura Bulus ya kasa haɗa ido da kowa.

Uwar ta ce, "Kai, mene ne?"

Ya ce, "Mama, ni ai kullum a kunne nake barin ta in duhu ya yi. Na zaci don haka aka sa ta, kada wani ya buge mu ta baya."

Ta dafe ƙirji. "Tun yaushe?"

"Tun da muka saye ta."

"Yesu! Ashe shi ya sa duk wanda ya wuce mu sai ya zage mu! Ni ina zaune a gaba ina cewa mutanen yanzu ba su da tarbiyya." Ta juyo gare ni. "Ɗana, me kake jira? Ku sauke masa buhunan nan in suna tare shi."

Na shimfiɗa buhu a kan laka na shiga ƙarƙashi. Hannuna ya riga ya saba, kafin rana ta faɗi na gama. Na cire makunnin hannun, na zare wayarsa gaba ɗaya, na toshe hudar da roba. Mama Saratu ba ta yarda da bakina ba. Ta zagaya bayan motar ta tsaya da kanta, hannu a ƙugu.

Ta ce, "Bulus, sa ribas!" Fitilu suka kama, suka haska taɓon da ke gaban ƙafarta.

"Cire!" Suka mutu.

"Sa ta ɗaya. Ta biyu. Sake ribas." Sai da ta sa shi ya bi giyoyin nan kaf sau uku. Sannan ta shiga gida ta fito da dafaffiyar masara a kwano, ta ce in ban ci ba ba ta yafe ba. Na yi sallar magariba a masallacin unguwar, na dawo na tarar sun gama lodi za su kai kaya Ikara, don gobe kasuwa.

Bulus ya ce, "Wuce gaba mana, Malam Haladu. Mu da kaya, za mu ɓata maka lokaci."

Na ce, "A'a, ku je. Ina bayanku."

Suka hau hanya, na bi su. Motar na tafe a hankali, tana faɗawa ramuka tana fita, ruwa na fantsama. Duk ramin da ta faɗa sai in zuba wa ƙarƙashin bodin ido. Na ji Bulus ya canja giya a hawa, ya canja a gangare. Motoci biyu suka cim mana, suka wuce mu, babu wanda ya yi ham, babu wanda ya leƙo ya yi zagi. Tun daga Paki har muka shiga Ikara, abin da ke gabana jajayen fitilu biyu ne kawai.